Da gaske mai karanta labarai ne ya buɗe Katangar Berlin?

Tambaya: Malam, na ji ana cewa wani ɗan jaridar talabijin ne ya sa aka buɗe Katangar Berlin, wadda ta raba Berlin ta Gabas da ta Yamma. Wane ne shi, kuma da gaske ne?

Amsa: Hanns Joachim Friedrichs ake nufi, Jamusawa na ce masa Hajo. Maganar da ƙamshin gaskiya, amma an ɗan yi mata gishiri.

An haife shi a garin Hamm a 1927. A Sashen Jamusanci na BBC a Landan ya goge a farkon shekarun 1950, sannan ya koma gida. Ya yi wa tashar ZDF wakilci a Amurka da Biyetnam, har sashen wasanni ya shugabanta. A 1985 ya koma ARD, tashar talabijin ta Jamus ta Yamma, yana gabatar da Tagesthemen, shirin labaran dare.

Ranar 9 ga Nuwamba 1989, dab da ƙarfe 7 na yamma, wani jigo a gwamnatin Jamus ta Gabas, Günter Schabowski, ya sanar da sassauta dokar tafiye-tafiye. Da aka tambaye shi yaushe za ta fara aiki, ya yi ta laluben takardunsa, ya ce nan take. Sai dai masu gadin iyaka ba su sami umarnin buɗewa ba.

A daren nan Tagesthemen ya makara saboda wasan ƙwallon ƙafa, sai wajen ƙarfe 10:40 aka fara. Friedrichs ya dubi kyamara ya ce wannan rana ta shiga tarihi, ƙofofin katanga a wangale suke. Alhali ba su wangale ba tukuna. A mashigar Bornholmer mutane ƙalilan ake bari su wuce. To amma mutanen Gabas sun fi gaskata talabijin ɗin Yamma a kan ta gwamnatinsu, shi kuwa ba a san shi da zuzuta labari ba. Jama'a suka ƙara tururuwa, wajen 11:30 jami'in da ke mashigar, Harald Jäger, ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya sa aka ɗage shinge.

A ganina, Malam, ba shi ya buɗe ba. Mutanen da suka yi makonni suna zanga-zanga a birnin Leipzig na Jamus ta Gabas ne suka girgiza gwamnati, shi iza wuta ya yi. Abin da ke ba ni mamaki, mutumin da ya riga labari isa shi ne aka fi tunawa da cewa ɗan jarida nagari ba ya ɗaukar ɓangare, ko da ɓangaren alheri ne, darasin da ya ce a BBC ya koya.

Ya bar shirin a 1991, Ulrich Wickert ya gaje shi. Kansar huhu ta yi ajalinsa a Hamburg a Maris 1995, kuma tun daga shekarar ake ba 'yan jaridar talabijin lambar yabo mai ɗauke da sunansa.