Tambaya da Amsa: Ta yaya Hitila ya riƙe Jamusawa shekara 12 ba su tayar masa ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya, ya aiki. Ni ɗaliba ce ina karanta tarihi kuma akwai abin da ya daɗe yana cin raina. Ana cewa Jamusawa mutane ne masu ilimi sosai, ga jami'o'i ga likitoci ga injiniyoyi, to ta yaya mutum ɗaya da jam'iyyarsa suka danne ƙasa guda daga 1933 har 1945 kowa ya yi tsit? Yayana ya ce min wai 'yan sandan ciki ne aka zuba a kowane lungu shi ya sa. Haka abin yake? Daga wata ɗaliba.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, lafiya lau alhamdulillahi. Yayanki ya kama wani ɓangare na gaskiya, tsoro ya yi aiki sosai, amma maganar cewa jami'an Gestapo, wato 'yan sandan cikin, sun cika kowane lungu ba haka ba ne, kuma wallahi wannan shi ne wurin da ya fi tayar min da hankali a duk tarihin nan. Za mu zo kansa, bari mu faro daga tushe.

Hitila bai hau mulki da bindiga ba. Ranar 30 ga Janairun 1933 shugaban ƙasa na lokacin, dattijo Hindenburg, shi ne ya naɗa shi shugaban gwamnati, a lokacin ƙasar na da mutum kamar miliyan 65, kusan miliyan 6 daga cikinsu ba su da aikin yi, jama'a sun gaji da gwamnatocin da yau a kafa gobe su rushe. Ba a yi wata guda ba, daren 27 ga Fabrairu, ginin majalisar dokoki ya kama da wuta, aka kama wani matashi ɗan ƙasar Holan mai suna Marinus van der Lubbe a wurin, nan take 'yan Nazi, wato jam'iyyar Hitila, suka ce ai 'yan gurguzu ne ke shirin kifar da ƙasa. Washegari aka sa hannu kan dokar ta-ɓaci wadda ta soke 'yancin magana da na taro da na jarida, ta ba hukuma damar buɗe wasiƙar mutum da sauraron wayarsa da tsare shi ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Dokar nan ba a ɗage ta ba har mulkin ya faɗi.

Ko da duk wannan, a zaɓen 5 ga Maris 'yan Nazi ba su kai rabin ƙuri'u ba, kashi 43.9 suka samu. Sai ga 23 ga Maris majalisa ta miƙa wa gwamnati ikon yin doka ba tare da ita ba, ƙuri'a 444 a kan 94. 'Yan gurguzu 81 da aka zaɓa ba ko ɗaya a zauren, wasu na tsare wasu sun gudu, 'yan jam'iyyar ma'aikata ta SPD ne kaɗai suka ce a'a, ga 'yan bangar Nazi da ake kira SA sun cika harabar suna zare ido.

Daga nan abin da suka yi shi ne suka bi duk wani wuri da mutane ke haɗuwa da kansu su yi shawara, suka rushe shi ko suka haɗiye shi. 2 ga Mayu aka mamaye ofisoshin ƙungiyoyin ƙwadago aka kama shugabanninsu aka tura ma'aikata cikin ƙungiya ɗaya ta gwamnati ƙarƙashin Robert Ley. 14 ga Yuli doka ta ce jam'iyya ɗaya ce tak a ƙasar. Har ƙungiyoyin wasanni da na mawaƙa da na manoma sai da aka jera su a layi ɗaya. Ki duba fa, mutum zai iya ƙin gwamnati a zuciyarsa, amma da wa zai haɗu, a ina, wa zai kira taron? Wannan ne ya karya ƙashin bayan adawa tun a watanni shida na farko. Sansanin gwale-gwale na Dachau an buɗe shi tun a Maris ɗin 1933 kuma ba a ɓoye ba, jaridu sun buga labarin, don ana so kowa ya san akwai inda ake kai mai taurin kai. A ƙarshen Yunin 1934 Hitila ya juya kan nasa, aka kashe Ernst Röhm shugaban SA da wasu da dama, da Hindenburg ya mutu ranar 2 ga Agusta kuwa sojoji suka yi rantsuwar biyayya ga Hitila shi kansa da sunansa.

To yanzu maganar Gestapo. Ma'aikatanta ba su da yawa ko kaɗan idan aka kwatanta da yawan jama'a, birni babba sai ki tarar jami'ai 'yan ƙalilan ne kuma rabin lokacinsu a kan takardu yake ƙarewa. Yawancin fayil-fayil ɗinsu an ƙona su a ƙarshen yaƙi, amma na garin Würzburg da na Düsseldorf sun tsira, kuma da masanin tarihi Robert Gellately ya zauna ya bi na Würzburg ɗaya bayan ɗaya sai ya ga cewa ƙararraki masu ɗimbin yawa daga talakawan gari suka faro, maƙwabci ya kai maƙwabci, abokin aiki ya kai abokin aiki, mai gidan haya ya kai ɗan haya. Wani don ya yarda da aƙidar, wani kuwa hassada ce kawai ko tsohuwar gaba ko yana son ɗakin da wancan yake ciki ko shagonsa. Dokar da aka yi a Disambar 1934 ta mayar da sukar gwamnati ko jam'iyya laifi, don haka barkwanci ɗaya a mashaya ya isa a kira mutum ofis. Ga kuma wakilin jam'iyya na unguwa wanda aka ba shi gidaje kamar 40 zuwa 60, ya san wanda bai kafa tuta ba ranar biki, ya san wanda ke gaisuwa ba ya ɗaga hannu ya ce Heil Hitler, shi ne ke zagayawa karɓar kuɗin taimakon hunturu ya ga wanda ya bayar da wanda ya noƙe. Har Jamusawa suka samo wa wata ɗabi'a suna, wai kallon Bajamushe, wato mutum ya waiga hagu da dama kafin ya buɗe baki. Gwamnati ba ta buƙatar ɗan sanda a kowane lungu tunda mutanen lungun sun ɗauke mata aikin.

Kuma tsoron ba a raba shi daidai ba, a nan dabarar take. An raba jama'a gida biyu, 'yan ƙasa na asali da waɗanda aka ce ba sa ciki. Yahudawa a 1933 kamar dubu 500 ne, ko kashi ɗaya cikin ɗari ba su kai ba, amma a kansu aka fara, ƙauracewa shagunansu ranar 1 ga Afrilun 1933, korarsu daga aikin gwamnati a wannan watan, dokokin Nuremberg na 1935 da suka ƙwace musu cikakken haƙƙin ɗan ƙasa suka hana auratayya da su, sai daren 9 ga Nuwamban 1938 da aka ƙona wuraren ibadarsu aka fasa shaguna aka kwashe maza kusan dubu 30 zuwa sansanoni. Haka ƙabilun Roma da Sinti, da naƙasassu, da Shaidun Jehobah, da 'yan gurguzu. Shi kuwa Bajamushen da bai shiga ɗaya daga cikin waɗannan ba, in ya kama bakinsa, sau da yawa ba wanda zai ƙwanƙwasa masa ƙofa, sai ya ga kamar abin bai shafe shi ba, wani ma ya samu kujerar likitan da aka kora ko ya sayi kayan maƙwabcinsa a gwanjo da arha. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

Ga kuma zuma da aka lasa musu. Aikin yi ya dawo, yawanci saboda ƙera makamai da gina manyan hanyoyi da dawo da aikin soja na dole a 1935. An shirya wa ma'aikata yawon shaƙatawa mai rahusa, an ce kowa ya riƙa tara mak 5, kuɗin Jamus na lokacin, duk mako zai samu motar Volkswagen, dubban ɗaruruwa suka zuba kuɗinsu, yaƙi ya zo ba wanda ya karɓi mota. Goebbels ministan farfaganda ya sa aka ƙera rediyo mai arha, mak 76, ya riƙe jaridu da fina-finai, ɗan jarida sai yana cikin rajistar gwamnati zai yi aiki. Da aka shiga yaƙi a Satumbar 1939 sauraron rediyon waje ya zama laifin ɗauri, yaɗa abin da aka ji kuwa zai iya kai mutum ga kisa. Yara su ne abin tausayi, ƙungiyar matasan Hitila ta zama dole a 1939, malaman makaranta kusan duka sun shiga ƙungiyar malamai ta jam'iyya, uba ya dawo gida yana tauna maganarsa a gaban ɗan da ya haifa.

TAMBAYA: Malam barka da ƙoƙari. Ni malamin makaranta ne, ɗalibaina kan tambaye ni ko akwai Jamusawan da suka yi tirjiya, ko duk sun bi ne? Daga wani malami.

AMSA: Barka kadai Malam, Allah ya taimaka. Akwai su, kuma ya kamata yaran su san sunayensu. Dubban 'yan gurguzu da 'yan SPD sun ci gaba da raba takardu a ɓoye, su ne suka fara cika sansanoni. Georg Elser kafinta ne, shi kaɗai ya dasa bam a zauren da Hitila zai yi jawabi a Munich ranar 8 ga Nuwamban 1939, Hitila ya bar wurin minti 13 kafin bam ɗin ya tashi. Fasto Martin Niemöller an kama shi a 1937 bai fito ba sai 1945. Ranar 20 ga Yulin 1944 Kanar Stauffenberg ya ajiye bam a ɗakin taron Hitila, Hitila bai mutu ba, aka kashe Stauffenberg a daren, aka bi iyalan waɗanda ke da hannu ana kamawa har mata da tsofaffi, yara kuma aka raba su da iyayensu.

Amma akwai abu biyu da nake so ka tsaya a kansu da ɗalibanka domin suna nuna gwamnatin tana jin tsoron ran jama'arta. A Agustan 1941 Bishop von Galen na Münster ya hau mumbari ya fito fili ya yi tir da kashe naƙasassu da masu taɓin hankali da ake yi a asirce, wanda a lokacin ya ci rai kusan dubu 70, huɗubar ta yaɗu hannu da hannu, ba su iya taɓa shi ba, a cikin watan aka ba da umarnin dakatar da shirin duk da cewa kisan ya ci gaba ta wasu hanyoyi a ɓoye. Sannan a ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris 1943 a titin Rosenstrasse na Berlin mata Jamusawa suka yi dafifi kwana da kwanaki a ƙofar ginin da aka tsare mazajensu Yahudawa, ƙarshe aka saki mazan. Irin wannan fitowa fili ba a yi ta ba lokacin da ake loda sauran Yahudawa a jiragen ƙasa zuwa gabas inda ake hallaka su, kuma wannan yana min ciwo duk sanda na tuna.

Sai 'yan ƙungiyar Farin Fure, ɗaliban jami'ar Munich. Ranar 18 ga Fabrairun 1943 Hans Scholl da ƙanwarsa Sophie suka shiga jami'a da akwati cike da takardun kira ga jama'a su farka, Sophie ta turo ragowar daga bene suka warwatsu a tsakar ginin. Mai kula da ginin ne ya gan su, ba wanda ya tilasta shi, ya riƙe su ya miƙa su aka kira Gestapo. Bayan kwana huɗu alƙali Roland Freisler ya yanke musu hukuncin kisa tare da abokinsu Christoph Probst, a yammacin ranar aka sare musu kai. Sophie tana da shekara 21.