Tambaya da Amsa: Me ake nufi da "envisage"?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne daga Maraɗi, da Faransanci na yi karatuna, yanzu ina koyon Turanci don neman gurbi a wata jami'a a Kano. Na rubuta "I envisage to study medicine", sai malaminmu ya ja wa jimlar jan biro. Ina kuskurena? Kuma mene ne bambancinta da "envision"?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗana. Na daɗe ina cin karo da wannan jimla a takardun yaranmu na Nijar, kuma ba na ganin laifinku. Faransanci ne ya biyo ka har cikin aji. Ita kalmar ma daga can Turawan Ingila suka aro ta, daga "envisager", wadda tushenta "visage" ne, wato fuska. Kai ka saba cewa "j'envisage de partir", ina da niyyar tafiya. To a Turanci ƙarfinta ya fi karkata ga hange, ba niyya ba.

Ka dubi manomi a farkon damina. Ya tsaya a bakin gona da sanda a hannu, iri ko tsirowa bai yi ba, amma a zuciyarsa yana ganin dammunan gero an jere su gaban rumbu, har ya ƙiyasta nawa za su kai. Wannan ganin shi ne "envisage": ka hango abu a zuci tun bai auku ba, kana kuma ganin mai yiwuwa ne. Ya fi fata ƙarfi.

Abin da ya jawo maka jan biro shi ne "to". Kalmar "envisage" ba ta yarda ya biyo ta. Ko dai suna ya biyo baya, "I envisage no problem", ban hango wata matsala ba. Ko aikatau mai ƙarewa da "ing", "I envisage studying medicine", ina hango kaina ina karatun likita. Ko kuma "that" da cikakkiyar jimla. Idan niyya kake son faɗa, kuma ina jin ita kake nufi, rubuta "I plan to study medicine" ka huta. Ni da ita zan fi son gani a takardarka.

Game da "envision", ma'anarsu kusan ɗaya ce, ita ma ba ta karɓar "to". Amurkawa sun fi amfani da ita, mutanen Ingila kuwa da "envisage". Da yake Turancin makarantun Najeriya na Ingila yake bi, "envisage" za ka fi gamuwa da ita, musamman a takardun gwamnati, inda "it is envisaged that" ke nufin ana hasashen cewa.

Ka kuma kula da furuci idan ka zo Kano. "Invizij" ake cewa, da ƙarfin murya a kan "vi", ba "anvizaj" irin ta Faransanci ba. Allah Ya ba ka sa'ar samun gurbin.