Yadda ƙungiyoyin 'yan'uwantaka na jami'o'in Amurka ke ɗaukar sababbin ɗalibai yanzu

Hajiya, kin ce 'yarki ta samu gurbi a Amurka, ana ta gayyatarta shiga ƙungiyar 'yan'uwantaka ta mata, wato ƙungiyar zumunci ta ɗalibai mata a jami'a, kina son sanin ko har yanzu tsohon salon ɗauka ake bi.

Ya sauya sosai. A da sai a yi mako guda ana zagaya gidajen ƙungiyoyin, ana hira da liyafa, sannan a miƙa wa wadda aka zaɓa takardar gayyata. Korona ta mayar da hirar kan Zoom a 2020, kuma a 2021 bidiyon 'yan matan Jami'ar Alabama masu neman shiga ƙungiyoyin suka cika TikTok. Yanzu yarinya kan san ƙungiya tun kafin ta taka harabar makaranta.

Yaran yau kuɗi suke fara tambaya, domin ana biyan kuɗin ƙungiya kowane zango, kuma da yawansu da bashin karatu suke tafe. Sai batun azabtar da sababbin shiga, wanda shi ne ya fi damuna. Mutuwar wani ɗalibi a Jami'ar Penn State a 2017 ta tayar da ƙura, kuma a Disambar 2024 aka sa hannu kan dokar tarayya da ta wajabta wa jami'o'i bayyana irin waɗannan laifuka. Wasu makarantun ma sun ɗage ɗaukar zuwa zango na biyu.

Ni dai shawarata, ta bari sai ta zauna da gindinta. Ta duba rahoton jami'ar kan azabtar da sababbin shiga, ta tambayi kuɗin a rubuce, ta kuma tambaya ko ana shan giya a tarukansu.