Amsa kan hujjojin da aka kafa wa Hauptmann a shari'ar ɗan Lindbergh

Ɗan'uwa, ka tambaya ko hujjojin da masu gabatar da ƙara suka kawo a shari'ar sace ɗan Charles Lindbergh, shahararren matuƙin jirgin saman Amurka, sun isa a kashe mutum a kansu. Na yi shekaru ina aikin lauya a shari'o'in manyan laifuka, kuma abin da aikin ya koya mini shi ne a auna kowace hujja ita kaɗai kafin a tara su, domin nauyinsu ba ɗaya ba ne.

An ɗauke yaron, mai wata 20, daga gidansu kusa da Hopewell a jihar New Jersey ta Amurka ranar 1 ga Maris 1932. An biya fansar dala 50,000 a wata makabarta a unguwar Bronx ta birnin New York, sannan aka tsinci gawarsa ranar 12 ga Mayu. Sai a Satumba 1934 aka kama Bruno Richard Hauptmann, kafinta ɗan asalin Jamus, bayan da ya sha mai da takardar dala 10 irin wadda gwamnati ta riga ta janye, ma'aikacin gidan man kuma ya rubuta lambar motarsa a jikinta. Da yake an adana lambobin kuɗin fansar tun farko, aka gane ta a banki bayan 'yan kwanaki, aka kuma samu fiye da dala 14,000 daga cikinsu ɓoye a garejinsa. Ya ce abokinsa Isidor Fisch ne ya bar masa ajiya a kwalin takalmi, alhali Fisch ya rasu a Jamus, babu mai gaskata shi ko ƙaryata shi.

A ganina hujjar da ta fi kowace nauyi ita ce tsanin da aka bari a wajen gidan Lindbergh a daren da aka sace yaron. Arthur Koehler, masanin katako na gwamnati, ya nuna wa kotun garin Flemington, inda aka yi shari'ar a 1935, cewa ɗaya daga cikin dogayen katakan tsanin an yanko shi ne daga daɓen ɗakin da ke ƙarƙashin rufin gidan Hauptmann. Zanen jikin itacen ya ci gaba daga wannan ɓari zuwa wancan, kuma ramukan ƙusa huɗu da ke jikinsa sun faɗa daidai kan ramukan da ke jikin katakon da ya tallafe daɓen. Ya kuma ɗauki abin kankare katako na Hauptmann, wanda bakinsa ya ɗan ɓalle, ya goga shi a gaban kotu, sai ya bar irin layukan da ke jikin tsanin. Masu shakka suna cewa 'yan sanda ne suka shirya katakon, amma zanen itace abu ne mai wuyar ƙirƙira.

Inda nake ja da baya shi ne shaidun ido da kunne. Lindbergh ya rantse cewa ya gane muryar Hauptmann daga 'yan kalmomin da ya jiyo daga nesa a daren biyan fansar a makabartar, kusan shekara uku kafin shari'ar. Amandus Hochmuth, tsoho mai shekara 87 da ya ce ya ga Hauptmann a mota kusa da gidan Lindbergh, yana fama da yanar ido. Na taɓa ganin mai shaida ya nuna wanda ake tuhuma da yatsa ba tare da ko ɗar ba, daga baya aka tabbatar mutumin yana tsare a ranar da abin ya faru, kuma mai shaidar ba ƙarya ya yi niyya ba, zuciyarsa ce ta cike masa giɓi. Masanan rubutun hannu, da suka ce shi ya rubuta wasiƙun neman fansar, sun fi waɗannan ƙarfi, ko da yake Hauptmann ya ce 'yan sanda ne suka sa shi kwaikwayon kurakuran wasiƙun.

Kuɗi da tsani sun gamsar da ni cewa da hannunsa a ciki. Ba su nuna cewa shi ya shiga ɗakin yaron ba, ko cewa shi kaɗai ne, domin ba a samu zanen yatsansa a can ba, alhali a kan haka lauyan gwamnati David Wilentz ya gina ƙararsa ta kisa. An zartar wa Hauptmann da hukunci a kujerar lantarki ranar 3 ga Afrilu 1936 yana musun laifin.