Kuɗi sun ƙare, gini bai kai linta ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina gina shaguna huɗu a Jega, kuma na ba ɗan kwangila rabin kuɗin aikin a kan yarjejeniyar baka. Yanzu ya ce siminti ya tashi, kuɗin sun ƙare, alhali ginin bai kai linta ba, ga damina ta ƙarato. Yaya zan yi?
Daga wani mai karatu, Jega, Jihar Kebbi.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka ƙara masa ko sisin kwabo sai kun zauna gaban shaidu biyu, ya baje rasit na siminti da rodi da yashi, a gwada su da abin da ke tsaye a filin. Ba zargi ba ne, domin farashi yana tashi da gaske, amma lissafi ne zai raba abin da kasuwa ta ci da abin da sakaci ya ci. Ka je da ƙusa ka karci bulo ɗaya. Idan ya riƙa zuba kamar gari, an yi ƙwauron siminti.

Abin da ya fi damuna shi ne rashin takarda, ga shi kuwa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ku rubuta sabuwar yarjejeniya wadda za ta ɗaure kowane biya da matakin aiki, wato kaza idan an zuba linta, kaza idan an ɗora kwano, kaza bayan filasta, kowanne da ranarsa, sannan a fayyace wanda zai ɗauki ƙarin idan kaya suka sake tsada. Ka riƙe kashi 5 cikin 100 har sai rufin ya ga ruwan sama bai yi yoyo ba, ka kuma ware wa kanka kamar kashi 10 saboda abin da ba a zata ba.

Game da damina, ka tara yashi tun yanzu, don idan gulabe suka cika a watan Agusta, tifa ba ta iya shiga wurin ɗiba. Siminti kuwa a jera shi bisa katako a ɗaki mara laima, kada ya daskare. Amma kada gudun ruwa ya sa a gaggauta linta: kankare yana son a shayar da shi aƙalla kwana 7, kuma sai ya kwana 28 ake auna cikar ƙarfinsa.