Shin 'ya'yan kifi na gadon juriyar iyayensu?

Tambaya: Ina kiwon tarwaɗa a tankin siminti. Duk sanda na ware manya da ƙanana, ko aka yi jigilarsu cikin zafi, sai wasu su daina cin abinci, wasu su mutu. In na riƙe waɗanda suka tsira suka zama iyaye, 'ya'yansu za su gaji juriyar?

Amsa: Suna iya gada, Malam, amma da sharaɗi.

Idan kifi ya firgita ko ya takura, jikinsa na sakin sinadarin kotisol. In abin ya daɗe sai ya ƙaurace wa abinci, garkuwar jikinsa ta yi rauni, cuta ta samu ƙofa. A shekarun 1990, masanan Ingila Pottinger da Carrick sun gwada turawut, wani kifin ruwan sanyi. Sukan cusa shi a matsattsen mazubi, su auna kotisol ɗin jininsa, sannan su haɗa masu kotisol da yawa su hayayyafa a tsakaninsu, masu kaɗan ma haka. 'Ya'yan suka biyo iyayensu. Daga baya aka lura zuriyar masu kaɗan ta fi saurin komawa cin abinci bayan sauyin wuri.

Matsalar tana cikin tankinka. Tarwaɗa mace ɗaya na ba da dubban ƙwai, namiji kuma yanka shi ake yi a ciro maniyyinsa, shi ya sa masu ƙyanƙyasa ke taƙaita iyaye. Ke nan mai yiwuwa duk kifinka uwa ɗaya uba ɗaya ne. In ka ci gaba da haɗa su, nan gaba za ka ga masu karkataccen baya da ƙwan da ba ya fashewa. Kada kuma wanda ya fi girma a cikinsu ya ruɗe ka; sau da yawa 'yan'uwansa ya haɗiye.

Dubi aikin inganta irin karfasa mai suna GIFT da aka fara a Filifin a 1988. Ko da yake saurin girma aka fi nema, nau'i takwas suka tattaro, huɗu daga Masar, Gana, Kenya da Senegal, suka riƙa bin kowane dangi daban. Wannan ya fi ƙarfin mai tanki biyu.

Abin da za ka iya shi ne ka zaɓi matan da suka fara komawa cin abinci bayan wahala, ka samo maza daga wata gona mai nisa. Kafin jigila kuma ka hana su abinci na kwana ɗaya, ka ɗauke su da sanyin safiya, kada ka cunkushe jarka.