Kada ka bar aikin kwamfuta tukuna

Ɗan'uwa, ka ce kana da otizim (yanayin ƙwaƙwalwa da ke shafar yadda mutum ke mu'amala da mutane), dillalan aiki sun gajiyar da kai, har kana tambaya ko ka bar rubuta manhaja. Dakata tukuna. Ni ma na sha zama gaban mai intabiyu yana lura ko ina kallonsa ido cikin ido, bai tambaye ni komai kan aikin ba. Daga nan shiru, ko saƙo babu. Abin yana ciwo.

Tsallake dillalan, ka nemi kamfani kai tsaye. Kamfanin manhaja na SAP ya buɗe shirin ɗaukar masu otizim a 2013, Microsoft a 2015. Can aiki ake ba ka na kwanaki, a ga hannunka. Ka kuma roƙa a turo maka tambayoyin a rubuce kafin ranar intabiyun.